Kafin ka ce wayarka ko kwamfutarka ta tsufa, gwada waɗannan tukunna

Salam 'yan uwa na nan Legas. Kwanakin baya kawuna da ke sayar da albasa a Mile 12 ya same ni a gida nan Agege, ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo min wayarsa ya ce, "Ɗan nan, duba min nawa za a sayi wannan abar, na gaji da ita, in na danna sai na jira kamar mai jiran danfo." Na ce, "Kawu ka zauna ka sha ruwa tukunna, ba ni minti ashirin da ita." Waya ce mai gig 64, ko shekara biyu ba ta yi ba, amma da na shiga ciki sai na tarar wurin da ya rage bai kai gig ɗaya ba, kuma kusan duk abin da ya cika ta bidiyo ne na guruf, guruf na 'yan kasuwa, guruf na 'yan garinmu, na wa'azi, na siyasa, wani bidiyon ma sau huɗu ya shigo daga wurare huɗu kuma ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba. Abin ya tsaya min a rai, domin mutum ne da ke tashi tun asuba yana fama da buhuna, ga shi zai je ya kashe kuɗin da ya sha wuya a kansu alhali wayar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, wanda zai amfana ya amfana.

Mu fara da inda na fara da ta Kawu. Waya tana buƙatar fili a cikinta kafin ta yi aiki da sauri, duk manhajar da ka buɗe sai ta ɗan ajiye wasu abubuwa na wucin gadi, in babu wurin ajiyewa shi ne za ka ga tana maƙalewa, kyamara ta ƙi ɗaukar hoto, saƙo ya ƙi shigowa. Shiga WhatsApp, danna ɗigo ukun nan na sama, shiga setin, ka nemi inda aka rubuta Storage and data, sannan Manage storage. Zai jero maka duk abin da ya wuce meg 5 da wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, a ƙasa kuma ga sunan kowane guruf da yawan wurin da ya cinye. Zaɓi ka goge. Amma gogewa kaɗai ba ta isa ba, in ba ka toshe ƙofar ba nan da wata biyu za ta sake cika, to a wannan shafin dai akwai Media auto-download, gida uku ne, na data da na wayfai da na yawo ƙasar waje, ka shiga kowanne ka cire alamar da ke kan hoto da murya da bidiyo da takardu. Daga ranar babu hoto ko bidiyon da zai sauka sai wanda ka danna da hannunka. Wannan abu ɗaya yana tsare maka wuri kuma yana tsare maka data a lokaci guda.

Bayan nan ka sauke Files by Google in babu ita a wayar, kyauta ce, tana nuna maka hotunan da suka maimaitu da manhajojin da ka daɗe ba ka taɓa ba. Amma don Allah ku rabu da waɗannan masu hoton tsintsiya ko roket da ke cewa za su wanke waya su ƙara mata gudu ko su sanyaya batir, yawancinsu talla ce kawai suke lodawa, su da kansu suna cin batir da data. Sannan in ka shiga setin na wata manhaja za ka ga Clear cache da Clear data kusa da juna, na farkon ba shi da haɗari, na biyun kuwa yana mayar da manhajar kamar yau ka sauke ta, in ka yi wa WhatsApp haka ba tare da ajiya ba hirarka ta tafi.

Sai maganar data, wadda kowa ke kuka da ita tun da NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Mutane da yawa suna cewa ana sace musu data, ni kuma abin da na fi gani idan na duba shi ne wayar ce ke sha a ɓoye. Shiga setin na waya ka nemi wajen lissafin data, za ta nuna maka manhaja ɗaya bayan ɗaya da abin da kowace ta ci a wata, kuma in ka danna kan kowace za ka ga wanda ta ci kana kallo da wanda ta ci a bayan fage wayar tana aljihu. Kunna Data Saver, ka bar wa WhatsApp da manhajar bankinka hanya, sauran su jira sai ka buɗe su. A Play Store ka saita sabunta manhajoji ya zama sai a kan wayfai ko kuma sai ka ba da izini. A Facebook ka kashe bidiyon da ke kunna kansa kana wucewa, ko ma ka koma Facebook Lite in wayar ƙarama ce. YouTube kuma in karatu ko wa'azi kake saurare mene ne amfanin 1080, sa shi a 360 ko 480, a fuskar waya bambancin ba wani mai yawa ba ne amma a data bambancin babba ne.

Lambobin nan ma ku riƙe su, tun 2023 aka haɗe su suka zama iri ɗaya a duk layuka, ko MTN ko Airtel ko Glo: *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data, *323# duba ragowar data. In saƙonnin talla sun dame ka, tura STOP zuwa 2442. In kuma ka kai ƙara wajen kamfanin layinka ba a share maka hawaye ba, 622 ita ce lambar NCC kuma kiran kyauta ne.

Ga wani wurin da data ke zurarewa da mutane ba su lura ba. Ka kunna hotsfot ka haɗa laftof don ka tura takarda ɗaya, kafin ka ankara gig biyu sun tafi. Dalili shi ne Windows tana ɗauka wayfai ne na gida mara iyaka, sai ta kama sauke sabuntawa. Maganin, bayan ka haɗa, shiga setin na wayfai a kwamfutar, danna sunan hotsfot ɗinka, ka kunna Metered connection. Sau ɗaya za ka yi, za ta riƙe.

Masu tuƙi da masu kai kaya, Google Maps tana bari ka sauke taswirar Legas gaba ɗaya ka ajiye a waya, danna hotonka a sama ka shiga Offline maps ka ja akwatin ya rufe daga Ikorodu har Badagry gwargwadon yadda ya ɗauka. Sai dai in babu data ba za ta nuna maka gosulo ba, kuma a garin nan gosulo shi ne labarin, don haka ka kunna data na minti ɗaya kafin ka yanke shawarar bin Third Mainland ko Ikorodu Road, ka ga inda ya yi ja, sannan ka kashe.

To yanzu wuta da batir. Babban abokin gabar batir zafi ne, ya fi yawan caji illa. Waya a ƙarƙashin filo tana caji, waya a gaban mota rana na dukanta, waya tana caji kana kallon ƙwallo a kanta har ta yi zafin da ba ka iya riƙewa, duk waɗannan suna rage mata kwana. Batiran yanzu na litiyam ne, ba sa son a bar su su mutu ƙurmus kullum, sun fi daɗewa in suna yawo tsakanin kashi 20 da 80 na caji. Na san a Legas wannan magana ce mai wuya, wanda bai san yaushe za a sake kawo wuta ba dole ya cika ta 100, kuma ba laifi, abin da nake cewa kawai kada ya zama kullum sai ta ɗauke da kanta sannan a nemi caja. Rage hasken fuska shi ne ya fi komai tsawaita caji. Na biyu sabis, in kana wurin da sanda ɗaya ce ke zuwa tana tafiya, wayar tana ƙara ƙarfi tana neman eriya, batir na zuba. Haka 5G, tun 2022 ta shigo Legas amma ba kowane lungu ta kai ba, in unguwarku ba ta tsaya sosai ba ka mayar da wayar 4G a setin ka huta.

Idan an ɗauke nefa, cire laftof da caja daga soket, in an dawo da ita ka ba ta minti biyu ko uku ta daidaita kafin ka mayar. Na taɓa rasa cajar laftof da ƙaramin talabijin a dare ɗaya saboda wuta ta dawo da ƙarfi, ina jin ƙaurin har yanzu in na tuna, daga nan na sayi soket mai kariya daga hawan wuta, kuma ku lura ba kowane dogon soket ne ke da wannan kariyar ba, sai ka karanta jikinsa. Ƙaramin janareta ma wutarsa hawa da sauka take, musamman lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana tari, cire kayanka kafin ya mutu. In kuma ka ga wayarka tana danna kanta da kanta tana caji, yawanci cajar ce ba ta kirki ba, araha ba ta ado, canza ta kafin ta taɓa maka abin da ya fi ta tsada.

Fawa bank mai 20,000 ba zai ba ka 20,000 cif ba, ko da na asali ne. Batirin cikinsa a kan bolt 3.7 yake, sai an ɗaga shi zuwa 5 kafin ya shiga waya, a nan ake asarar wani kaso, abin da ke isa wayarka kamar kashi biyu cikin uku ne. Don haka waya mai batir 5,000 ta samu cika biyu da rabi zuwa uku, lafiya lau ne. Wanda ka ɗaga ka ji shi sakayau kuma an rubuta masa 50,000, ajiye musu abinsu. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya ko ya turo wajen linzamin laftof sama, daina caji nan take ka kai a canza, yana iya kamawa da wuta.

Danshin garin nan ma wani abu ne da mu da muka taso a Arewa ba mu saba da shi ba. Can ƙura ce matsalarmu, nan kuwa ka kulle laftof a wadirof wata biyu da damina ka ciro ta ka ga jakar ta yi fumfuna, madannai sun fara ƙin aiki, masu zama kusa da ruwa irin Apapa da Ajah abin ya fi tsanani saboda gishirin iska. Ka riƙa kunna ta ko sau ɗaya a sati ta yi ɗumi, sannan 'yan ƙananan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi kada ka zubar, jefa su cikin jakar, danshi suke tsotsewa. Waya in ta faɗa ruwa kashe ta nan take, kada ka sa caji don ka gwada, cire layi, goge ta ka bar ta a inda iska ke kaɗawa. Shinkafa ba ta yin abin da ake cewa tana yi, kamfanin Apple ma da kansa ya ce kada a sa. In ruwan kwata ne ko na teku, kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke a ranar.

Bari in zo kan kwamfuta, domin a nan ne na fi ganin ana asarar kuɗi. Gidaje da yawa akwai tsohuwar laftof a ƙarƙashin gado, an ce ta mutu, alhali in ka kunna ta tana tashi, minti biyar ne kawai take ɗauka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo zai fito mai nuna abin da ke wahalar da ita. In ka ga wajen Disk yana zaune a 100 ba ya sauka, to ka gano ciwon, tsohon hadis ne mai faifai yana juyawa a ciki. Canza shi da SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, wallahi kwamfutar da ke ɗaukar minti biyar za ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti. Ban san wani gyara da ya kai wannan riba ba. Mai gig 256 ya isa aikin gida da na shago. Bayan shi sai RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, in gig 4 ce a mayar da ita 8, in dai kwamfutar tana da gurbin ƙari, don wasu an manne musu ita. A wannan allon dai akwai wajen Startup, jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar ba tare da ka kira su ba, kashe duk wanda ba ka buƙata.

In za ka je Computer Village a Ikeja sayen SSD, ka tafi da laftof ɗin ko aƙalla ka rubuta lambar samfurinta da ke ƙasa, domin iri biyu ne, akwai mai faɗi kamar tsohon hadis akwai siriri kamar ƙaramar rula, ba kowace kwamfuta ke karɓar kowanne ba. Ka shiga shago mai ba da rasit, a sa a gabanka, a kunna ka ga girmansa da idonka. Tsohon hadis ɗin kuma naka ne, kada ka bar shi a can, hotunan iyalinka da takardunka suna ciki, sayi ɗan gidansa mai wayar USB ya zama ma'ajiyarka ta waje. Tunda an buɗe ta, a share fanka a sa sabon man sanyaya a kan furosesa. Kuma a daina ɗora laftof a kan katifa, ta ƙasa take shan iska.

Mai son sayen tokumbo, ga dabara ɗaya. Buɗe Command Prompt, baƙin allon nan na rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter, zai haɗa maka rahoto ya nuna inda ya ajiye shi, a ciki za ka ga ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da ƙarfin da yake iya ɗauka yau. In na yau bai kai rabin na asali ba, ka san da kuɗin batir a cikin cinikin.

Microsoft ta daina ba Windows 10 kariyar kyauta ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma ramukan da ɓarayin intanet ke ganowa ba a toshe su kamar da, don haka ni ba zan shiga banki da ita ba. Windows 11 tana neman wani guntu mai suna TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, tsofaffi da yawa ba su da su. In taka ba ta cancanta ba kuma aikinta rubutu ne da intanet da karatun yara, a sa mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, ba ta da nauyi, tana zuwa da LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel, kwana biyu za ka saba. Manhajojin sata da ake loda wa mutane kuwa, da yawansu da ƙwayar cuta suke zuwa. Haka filas da ka kai bizines santa aka buga maka takarda, in ka dawo ka ga fayilolinka sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka danna ko ɗaya, bari Windows Security ta bincike shi tukunna. Gara ma ka tura takardar ta imel ko WhatsApp a matsayin PDF, filas ɗinka ya zauna a gida.

Waya da kwamfuta in ka haɗa su aikin ya fi sauƙi. WhatsApp yana bari ka jona har na'ura huɗu da lamba ɗaya, mai shago da ke amsa kwastomomi zai fi sauri da madannan kwamfuta, amma in ka buɗe a kwamfutar da ba taka ba ka tabbata ka fita, ka riƙa leƙa Linked devices kana cire wanda ba ka gane ba. Tura hoto ko bidiyo daga waya zuwa laftof ba ya buƙatar data, wayar caji ta isa, ko Quick Share. Manhajar Google Drive tana da kyamarar da ke ɗaukar takarda ta mayar da ita PDF tsaf, ka ɗauki takardar NIN da rasit ɗin haya da takardun mota da na makarantar yara, ranar da ruwa ya shiga ɗaki za ka gode wa Allah. Google na ba kowa gig 15 kyauta, amma Gmail da Drive da hotuna da ajiyar WhatsApp duk a ciki suke, don haka cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp ɗin. Masu tambaya yadda nake rubuta ƙ da ɗ da ɓ, Gboard ce, shiga harsuna ka ƙara Hausa shi ke nan.

Saura tsaro, kuma wannan ku yi shi yau kada ku ce gobe. Wanda ya fizge maka waya ta tagar mota a gosulo, sau da yawa layin ne ya fi so, domin da shi ake shiga asusun banki. Sa wa layinka lambar sirri, wato PIN, yana cikin setin wajen tsaro, SIM lock, ta yadda in an cire shi an sa a wata waya ba zai tashi ba. Amma a yi hankali, in ka yi kuskure sau uku zai kulle ya nemi PUK, lambar tana jikin katin da aka ɓallo layin, in babu katin ka tambayi kamfanin layin kafin ka fara, kada ka yi ta cinke domin kuskure goma a PUK yana kashe layin gaba ɗaya. Ɓoye saƙonni daga fuskar waya in tana kulle, don kada lambar banki ta fito kowa ya karanta. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda ka ajiye a gida. A Android 10 zuwa sama akwai Theft Detection Lock a cikin setin na Google, in wayar ta ji an fizge ta an ruga sai ta kulle kanta. A WhatsApp kunna Two-step verification, kuma duk wanda ya kira ka ya ce shi ɗan guruf ɗinku ne, za a yi mitin, ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, katse kiran, da lambar nan ake ƙwace asusu a koma ana roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka.

Na Kawu abin da muka ƙare da shi lambobin mutanensa ne, sama da ɗari huɗu, direbobin tirela da dillalan Sakkwato da Aliero da kwastomominsa na Oyingbo, duk a cikin wayar kawai suke zaune, imel ɗin da ke kai ma wani yaron shago ne ya buɗe masa bai san fasuwod ɗin ba. Muka buɗe sabo da lambarsa, muka kwashe lambobin muka mayar kan Gmail, na ce, "Kawu, wannan fasuwod ɗin ka rubuta shi a littafin da kake ajiyewa a gida, ban da na kasuwa." Ya ciro biro ya rubuta a bayan wani rasit, ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya ce in an jima zai turo min laftof ɗin Hajiya da ke ƙarƙashin gado in duba ko SSD ɗin nan zai shige ta.